Tambayi Injiniya: Wai wa ke juya shabakar nan?

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan shabaka, wato intanet da sabis na waya, suka taru, sai na tsinci waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani kowa, na kuma rage tsawon wasu saboda fili. Masu tambayar wayar da ta faɗa ruwa kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Malam injiniya barka da aiki. Faiba muka ja a gidan nan, yarona ya gwada min da Speedtest ya nuna gudun megabit 200 da wani abu yace Mama ai shabakarki tafi ta kowa a layin nan, amma duk sanda na kira 'yata a Kano ta imo sai murya tayi ta yankewa, ina magana tana magana muna cin karo. Na kira kamfani sunce komai lafiya lau a wajensu. To waye maƙaryacin a cikinsu?
Hajiya, daga Shari'a Mansur, Makka

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara girma. Babu maƙaryaci, yaronki gaskiya ya faɗa kamfanin ma gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu iya gefensa kawai ya auna. Shi Speedtest in aka danna shi saba, wato babbar kwamfutar dake amsa masu shigowa, mafi kusa yake lalubowa, ta Jidda ko wata nan kusa, ya gwada gudu tsakanin gidanki da ita shikenan, bai san Kano ba bai kuma tambayi hanyarta ba. Su kuma kamfani abinda suke kallo a allonsu shine wayar faibarki zuwa wajensu, in fitila koriya ce toh su sun gama nasu.

Kiran murya kuma ba gudu yake nema ba, ko ɗaya cikin dubu na wannan 200 ɗin baya cinyewa. Abu biyu yake so, kar saƙo ya makara kar kuma ya zube a hanya. Muryarki yayyanka ta ake yi ƙulli ƙulli, kowanne ɗan guntun da bai kai ƙiftawar ido ba, a jefa su ɗaya bayan ɗaya, in wasu suka ɓata shine kike jin yankewa, in kuma suka makara shine kuke cin karo, kinyi shiru kina jiranta ita ma tayi shiru tana jiranki sai ku ɗauka tare. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta daɗe da cewa in jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba (milisakan dubu ne sakan ɗaya) hira zata tafi sumul, daga nan ne ake fara jinsa a kunne.

To ga lissafin. Daga Jidda zuwa Kano a miƙe wajen kilomita 3,400 ne, haske a cikin faiba yana cin kilomita 200 a milisakan ɗaya, kinga da akwai waya miƙaƙƙiya da cikin milisakan 17 an isa. Amma saƙon ba hanyar jirgin alhazai yake bi ta saman Sudan da Chadi ba, yawanci kebul ɗin ƙarƙashin Bahar Maliya yake kamawa yayi arewa, ya ratsa Masar ta tudu, ya sake faɗawa Bahar Rum ya ɓulla Marsel a Faransa, daga nan Landan ko Fotugal, sannan ya gangaro ta tekun Atlantika zuwa Legas, kebul ɗin MainOne kaɗai kilomita 7,000 ne daga Fotugal, sannan ya hau tudu wani kilomita 1,000 zuwa Kano, sannan ƙarfen sabis na unguwar su 'yarki wanda ƙila ma janareto ke riƙe dashi. An haura kilomita 12,000 kenan, an ratsa hannun kamfanoni da yawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake ganin hanyar daga farko har ƙarshe.

Kisa yaron ya buɗe kwamfuta ya rubuta tracert sannan adireshin wani shafi da sabarsa ke cikin Najeriya. Zaiga layuka na fitowa ɗaya bayan ɗaya, na farko rautar gidanku ce, akwatin dake raba muku wifi, milisakan 1 ko 2, na gaba na kamfaninku ne, sai kwatsam lamba tayi tsalle, in ya duba dogon sunan dake gefe sau da yawa zaiga haruffa irinsu mrs ko lon ko los a tsakiya, Marsel da Landan da Legas kenan, mu injiniyoyi muna son liƙa sunan gari a jikin na'ura. Inda yaga taurari uku a jere kar ya tsorata, wata rautar ce bata amsa irin wannan sallamar, ba lalacewa tayi ba. Ya gwada da safe ya gwada bayan Isha'i. In da safe lafiya da dare ake yankewa, ni zargina yafi karkata gefen Kano lokacin da kowa ya dawo gida ya hau layi, sai 'yarki ta gwada wani layin ko ku kashe bidiyo kuyi murya zalla. Ke kuma ki matso kusa da rauta, katangun gidajen Makka ba wasa bane.

TAMBAYA: An ce an tsinke kebul a tekun Jidda amma ni shabakata ko gezau. Ba ƙarya ake mana ba kuwa?
Mai baƙala, Karantina, Jidda

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa. Ranar 6 ga Satumba 2025 kebul biyu, SMW4 da IMEWE, suka samu matsala a kusa da Jidda, Indiya da Pakistan da Daular Larabawa duk sun ji a jikinsu, Microsoft ma ta fito tace saƙonninta sun canza hanya za'a ga jinkiri. Abinda yasa kai baka ji ba, rautocin manyan kamfanoni kullum suna gaisawa da juna ba ƙaƙƙautawa, da zarar ɗaya yayi shiru sai na kusa dashi ya goge wannan hanyar ya sanar da saura, kowa ya sake lissafi ya kama wani kebul, duk kafin a taso injiniya daga barci. Sai dai wannan yana aiki ne in akwai wata hanyar kuma da sauran fili a cikinta. Ranar 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu suka tafi tare a gaɓar Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ai mutanen gida sun gani, har bankuna sai da suka sha wuya. Gano wajen tsinkewar ma aunawa ce, daga tudu ake harba haske cikin faibar a lissafa lokacin da ya dawo a san kilomita nawa ne, gyaran kam sai jirgin ruwa yaje ya jawo kebul ɗin sama, shiyasa yake ɗaukar makonni.

TAMBAYA: Ni direban bas ne duk shekara ina aikin alhazai. Abinda ke ɗaure min kai, ranar Arfa mutane sunfi miliyan a fili ɗaya kowa ya ɗaga waya yana bidiyo da gida, rana na faɗuwa kuma a kwashe gaba ɗaya a koma Muzdalifa, amma shabaka na nan tana lallaɓawa. Wa ke zaune yana juya abin nan?
Direba, Misfala

AMSA: Sannu da hidimar baƙin Allah. Akwai mutane zaune kam, kamfanonin stc da Mobily da Zain kowanne yana da ma'aikatan da basa barcin kirki lokacin Hajji, hukumar sadarwa ta Saudiyya, CST, tana bisa kansu, kuma tun kafin Zul Hajji ake ƙara turaku har da na wucin gadi da ake ja da mota a kafa. Amma juyawar da kake nufi tafi ƙarfin hannun ɗan adam. A 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, ran 8 suna Mina, ran 9 Arfa, da dare Muzdalifa, ran 10 an dawo Mina ana ta zuwa jifa, wane ne zai zauna yana danna maɓalli wa kowace waya?

Wayar dake aljihunka ita ce ma'aikaciyar farko kuma ba'a biyanta. Kullum tana auna ƙarfin siginar burjin, wato ƙarfen sabis ɗin, da take kai da na maƙwabtansa tana kai rahoto, da wannan rahoton ne burji ke yanke shawarar miƙa ka ga na gaba kana tuƙi kira bai yanke ba. Tun 2008 ƙungiyar 3GPP mai rubuta ƙa'idojin wayar salula ta fara saka dabarun da zasu sa turakun 4G su riƙa gyara kansu, sabon burji ya gane maƙwabtansa daga rahoton wayoyi ba sai an rubuta masa ba, wanda ya cika ya tura wayoyin dake bakin iyakarsa zuwa wanda keda sarari, in ɗaya ya mutu na gefensa su ƙara ƙarfi ko su ɗan ɗaga eriya su rufe gurbin. Kai da ka saba da Harami ka duba askarawan ƙofofi ranar Juma'a, wanda ke ƙofar Sarki Fahad baya ganin abinda ke faruwa a ƙofar Umra, shi dai yaga nasa wajen ya cika ya ja shinge ya nuna wa mutane gaba, na gaba ma haka, kuma a ƙarshe masallaci ya cika daidai ba tare da wani ya ƙirga kowa ba.

Akwai kuma ladabin da aka koya wa kowace na'ura, wanda ni a ganina shine babban sirrin. A Oktoba 1986 intanet ɗin farko ta shaƙe a Amurka, layin dake tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, tazarar yadi 400 kacal, ya faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40, saboda duk kwamfutar da saƙonta ya ɓata sai ta sake turawa da ƙarfi, cunkoso ya haifi cunkoso. Van Jacobson ne ya fito da magani a 1988, kowa ya fara turawa kaɗan kaɗan yana ƙarawa, da zarar yaga ƙulli ya zube ya rage gudunsa da rabi. Ba wanda ke bada umarni daga sama, kowace waya da kanta take ja baya. Shiyasa a Arfa zakaga hoton Hajiya ya dishe yayi dabbare dabbare amma murya na tafiya, manhajar ce ta auna taga hanya ta matse ta sadaukar da hoton.

TAMBAYA: Malam wani abokina ɗan Turkiyya yana da wani ɗan akwati ƙarami jone da rautarsa yace na RIPE Atlas ne wai yana auna intanet, yace nima in nema. Ni tsoro nake kar ya zama na leƙen asiri ne a kwashe min iƙama. Mene ne gaskiyarsa?
Ɗalibi, Madina

AMSA: Ƙanena tsoronka a kan hanya yake, wanda ke zaune a ƙasar mutane ba komai yake jonawa a bango ba. Amma wannan dai sananne ne. RIPE NCC ƙungiya ce a Amsterdam, ita ke raba adireshin intanet wa Turai da Gabas ta Tsakiya har da nan Saudiyya, Sudan da Najeriya kuma suna ƙarƙashin AFRINIC dake Morishus. A 2010 suka fara rarraba waɗannan 'yan akwatunan, yanzu sun haura 10,000 masu aiki a duniya. Girmansa bai kai tafin hannu ba, wutar USB yake ci, waya ɗaya ke shiga rauta. Baya karanta saƙonninka baya kallon shafukan da kake buɗewa, aikinsa ya ƙwanƙwasa ƙofar wasu sabobi ya lissafa lokacin amsa, yabi sawun hanya irin wanda na faɗa wa Hajiya a sama, ya tambayi manyan sabobin sunaye na duniya, waɗanda daga wajensu ake fara neman adireshin sunan shafi, guda 13 daga A zuwa M, wanda K ɗin ma su RIPE ɗin ke riƙe da ita, sannan ya tura sakamako a zuba a fili kowa ya gani. Mai akwati yana tara maki, da makin zai iya cewa akwatuna 50 daga ƙasashe daban daban su gwada masa shafinsa a lokaci guda.

Amfaninsa kuwa, mutum ɗaya in yace shafi kaza baya buɗuwa ba'a san ko shafin ne ko rautarsa ce ko kamfaninsa ba, amma in akwatuna 200 suka gwada, 190 suka samu 10 suka rasa, aka duba kuma goman nan duk kamfani ɗaya suke, an kama ɓarawo. Abinda ke ci min tuwo a ƙwarya shine in ka buɗe taswirarsu, Jamus da Faransa da Holan sunyi baƙi ƙirin da ɗigo, ka gangaro wajenmu daga Sakkwato har Gadarif sai ka ƙirga da yatsu. Wajen da ba'a aunawa daga cikinsa matsalarsa bata fitowa a allon kowa, sai ayi ta cewa komai lafiya. Don haka ni da zan zaɓa, akwatin ma gara ka kai shi gida lokacin hutu ka jona inda akwai sola, can aka fi buƙatarsa.

Amma sharaɗi biyu. In a masaukin jami'a kake shabakar ba taka bace, kar ka jona komai sai da izinin masu ita a rubuce, kuma ka sani garin da kake da kamfanin da kake amfani dashi zasu fito a taswira. Na biyu kar ka haɗa shi da OONI Probe, wannan manhaja ce daban da ake sawa a waya, ita aikinta ta gwada buɗe shafukan da ake toshewa don a gane wa ya toshe me, su kansu masu ita suna gargaɗin cewa akwai haɗari a wasu ƙasashe, kuma nan akwai dokar laifukan intanet tun 2007. Kai karatu ya kawo ka, ka barta.

TAMBAYA: Ɗana, iyalina suna wani ƙauye a gefen Sinnar ni ina aiki a Riyad. Duk sanda shabaka ta ɗauke a Sudan sai naga Turawa sun saka zane a labarai sunce ta faɗi kashi kaza. Su da suke Landan ta yaya suka sani? Kuma zasu iya gaya min ko ƙauyenmu akwai shabaka yau?
Dattijo, Riyad

AMSA: Baba Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina ya haɗa ku da iyali cikin aminci. Basa buƙatar shiga Sudan, daga waje ake gani, ta hanya uku zuwa huɗu. Ta farko, duk kamfanin sadarwa dole ya riƙa shelanta wa duniya cewa adireshi kaza zuwa kaza ta wajena ake zuwa, wannan shelar sunanta BGP, kuma akwai masu zaman sauraro suna rubuta ta dare da rana irinsu RouteViews na jami'ar Oregon da su RIPE ɗin nan, in shelar Sudani ko Zain ko MTN ta ɓace nan take ake gani. Ta biyu, na'urori daga ƙasashe daban daban suna ta ƙwanƙwasa adireshin Sudan suna ƙirga masu amsawa. Ta uku ita ce mai ban dariya, kwamfutocin da cuta ta kama basa daina watsa shara zuwa adireshin da babu kowa, masu bincike suka kafa tarko suna tara sharar, ranar da sharar wata ƙasa ta tsaya cak an san shabakar ƙasar ta mutu. Aikin IODA na jami'ar Georgia Tech duka ukun nan yake haɗawa. Ta huɗu kuma su Cloudflare da Google kawai duba yawan masu shigo musu daga Sudan suke, in ya faɗi sun gani.

Da haka aka rubuta tarihin gaba ɗaya, ɗaukewar Yuni 2019 da ta haura wata guda sai 9 ga Yuli ta dawo bayan umarnin kotu, ta 25 ga Oktoba 2021 da ta kai har 18 ga Nuwamba, da ta Fabrairu 2024 ana tsakiyar yaƙi wadda ta tsayar da Bankak, manhajar bankin Khartum ta tura kuɗi, mutane suka rasa yadda zasu karɓi kuɗin da irinku kuke turawa, aka koma biyan kuɗin awa a wajen masu Starlink. Har kashewar da akeyi lokacin jarabawar sakandare tana fitowa ɓaro ɓaro, kullum da safe zane ya nutse na 'yan awanni ya taso, gobe ma haka daidai lokacin, kana gani kasan ba kebul ne ya tsinke ba hannu ne.

Tambayarku ta biyu kuwa Baba, a'a, bazasu iya ba, kar wani ya ruɗe ku. Wayoyin hannu dubbai suna fita ne ta adireshi ɗaya na kamfani kuma basa amsa ƙwanƙwasa, adireshin ma sau da yawa Khartum ko Port Sudan yake nunawa ko da mai wayar yana Mai Wurno. Zanen zai iya cewa kamfani kaza ya dawo, amma burjin ƙauyenku ko akwai gas a janaretonsa ko an kwashe batiransa, wannan sai wanda ke tsaye a gindinsa. Haka kuma zane baya faɗin wa ya kashe da dalilinsa. Ku riƙa duba Cloudflare Radar don sanin wane kamfani ne ke numfashi, in da hali iyali su riƙe shariha, wato sim, biyu ta kamfanoni daban, saƙo kuma ku tura rubutacce ko gajeriyar murya, shi yana jira a hanya ya shige da zarar an samu 'yar ƙofa.

TAMBAYA: Oga ni ina kula da shabakar wasu otal otal ne a Makka ƙarƙashin wani kamfani. Yanzu sun kawo tsarin da daga allo ɗaya ake tura saiti wa na'urori ɗaruruwa, wai har yana gyara kansa. Manajanmu yace nan gaba ba'a buƙatar irinmu. In fara neman wata sana'ar ne?
Ma'aikacin shabaka, Aziziyya

AMSA: Abokin aiki kwantar da hankalinka, wannan alƙawarin ya girmi wasu ma'aikatanku. Tun Oktoba 2001 Paul Horn shugaban bincike na IBM ya fito da kiran a gina kwamfutocin da zasu saita kansu, su warkar da kansu, su ƙara wa kansu inganci, su kare kansu, ta hanyar zagaye ɗaya da baya ƙarewa, auna, nazarta, tsara, aikata, a sake aunawa. Kuma ba ƙarya bane an samu da yawa daga ciki, abinda a da sai ka hau bene goma sha da kwamfuta a hannu kana jona waya a kowane suwic yanzu daga kujera ake yi. Wanda iyakar iliminsa kenan, eh, ya fara tunani.

Amma ka tuna wa manajanku daren 4 ga Oktoba 2021, bayan Magariba agogon nan, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida. Su da kansu suka bada bayani. Ana aikin gyara na yau da kullum aka tura umarni ɗaya don a duba yawan filin dake babbar hanyarsu, umarnin ya katse duka hanyoyin dake haɗa cibiyoyinsu, manhajar da aka ajiye don ta tare irin wannan kuskuren ita ma tana da nata kuskuren bata tare ba. Sai kuma gyaran kai ya ƙarasa aikin, sabobin sunayensu an koya musu cewa in kika ga bakya iya magana da cibiya toh ke ce mara lafiya ki janye shelarki ki ba wasu wuri, dabara mai kyau in saba ɗaya ce ta samu matsala, amma ranar dukansu suka ga haka a lokaci guda dukansu suka janye, Facebook ta goge kanta daga taswirar duniya. Kayan aikin da injiniyoyi zasu shiga su gyara suma a kan wannan hanyar suke, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa cibiyoyin, ga tsaron ƙofa da aka tsananta da gangan yana cin lokaci.

Namu na gida ma akwai, 12 ga Nuwamba 2018 kuskuren saiti a MainOne ta Legas yasa hanyoyin Google suka karkata ta China da Rasha har minti 74, kafin nan a Fabrairu 2008 Pakistan Telecom taso toshe YouTube a cikin gida shelar ta tsallake ta ɗauke shi a kusan duk duniya wajen awa biyu. A duka biyun na'urori basuyi gardama ba, abinda aka faɗa musu suka yarda suka yaɗa cikin daƙiƙu, kuma masu sauraro daga waje ne suka nuna daga inda ɓarnar ta taso.

Don haka aikin bai tafi ba, wuri ya canza. Ka koyi Python, yaren rubuta manhaja, ko da kaɗan ne, ka koyi Ansible mai tura saiti wa na'urori da yawa, ka iya karanta zanen awo ba kallon kore da ja kawai ba, ka san me tsarin yake aunawa da abinda baya gani. Misali allonku zai iya nuna duk na'urorin hawa na tara suna raye alhali alhajin dake ɗaki na ƙarshen lungu baya samun komai, saboda na'urar ake tambaya ba'a tambayi ɗakin ba, toh ka ajiye 'yar ƙaramar kwamfuta mai arha a irin waɗannan lungunan tana gwadawa kamar baƙo tana turo maka sakamako. Ka nemi a baka ƙofar baya da bata bi ta shabakar otal ɗin ba, 'yar rauta mai shariha ta wani kamfanin daban jone da babban suwic, ranar da allon nan ya kulle kansa a waje ita zata cece ku. Duk sabon saiti a fara da hawa ɗaya na otal ɗaya a kwana a gani kafin a watsa wa saura, kuma ka sa manajan ya sa hannu a takarda cewa daga 20 ga Ramadan har bayan Sallah, da kuma daga 1 zuwa 15 ga Zul Hajji, ba mai taɓa saitin komai sai in wuta ce ta kama.